Sunan da ke Cikin Akwatin Wuta

4 ga Maris

Zuwa ga Kakana, Mai Tabarau,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Goggo da duk mutanen gida. Yaya gwiwar taka? Inna ta ce har yanzu da ƙafa kake tafiya shagon gyaranka, wai kai ba ka tsufa ba. Ta ce in gaishe mata da kawunta, in kuma tuna maka cewa kai kaɗai ne ƙanin kakata da ya rage mana, don haka ka riƙa lallaɓa mana kanka. Mu nan duk lafiya lau. Baban yara ya yi mura kwana uku, ya tayar wa kowa da hankali, ya warke.

Na san da waya na buga, "Iye? Iye?" zan yi ta ji har batir ya ƙare, shi ya sa na ajiye almakashi na ɗauki biro. Wata biyar ke nan da tarewarmu a sabuwar unguwa, ban ba ka labari ba. Gidaje arba'in da biyu ne a can gefen gari, layi uku, duk fenti ɗaya, ƙofa iri ɗaya. Satin farko sau biyu Baban yara yana zura makulli a ƙofar maƙwabta. Ɗakin ɗinkina yana kallon gabas, haske har ya yi yawa, kekuna biyu da teburin guga sun zauna daram. Masu kawo ɗinki sun biyo ni, ba wadda ta guje ni don nisa.

Ka san abin da na gani ranar da muka tare? Na buɗe akwatin wuta da ke bayan ƙofar kicin don in ga inda ake kashewa, sai ga rubutu da fensir a cikin murfin: "Aikin Dogo, yaron Mai Tabarau," da kwanan wata a ƙasa. Na yi ta dariya ni kaɗai, na ce ashe Kaka ya riga ni tarewa. Maƙwabta suka ce haka yake a kowane gida, don Dogon naka ne ya yi wa unguwar wayarin gaba ɗaya. Na gan shi sau biyu. Furfura ta fito masa a gemu, amma da na ce ni jikarka ce sai da ya cire hula.

To ga abin da ke damuna. Kayan gidan nan ba sa daɗewa. Butar shayi ta lantarki da na zo da ita, shekara huɗu tana yi min aiki a tsohon gida, a nan ta fara gurnani, ta koma sai ta ga dama take tafasa, rannan ta yi shiru gaba ɗaya. Na sayo wata, ita ma ta fara gurnanin. Dutsen gugana mai tururi ya tofa wa baƙin yadin wata mata fari-fari a ƙirji, sai da na yi ta ba da haƙuri, bayan sati biyu shi ma ya bi butar. Hitar banɗaki tana awa guda kafin ruwa ya yi ɗumi. Maƙwabciyata, malamar asibiti, injin wankinta ya daina ɗumama ruwa, kuma ba mu kaɗai ba ne, kusan kowane gida da nasa kukan. Mutane sun fara ƙunƙuni a taron unguwa.

Don haka, Kaka, duk abin da na jona a wutar Dogonka mutuwa yake yi. Ko dai ka zo ka karɓi yaronka, ko ka aiko min da buta mai rai bakwai.

Na ɗinka wa Goggo riga, zan ba direban motar da ke kawo maka takardu idan na gama aikin wuya. A gaida kowa.

Jikarka,
Allura

13 ga Maris

Zuwa ga jikata Allura,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso ranar Litinin, ta same mu lafiya. Gwiwa tana nan tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, amma tana kai ni shago tana dawo da ni. Goggonki ta gode da rigar tun kafin ta gan ta. Ki gaida uwarki, ki ce mata ni ban yi alkawarin zama a kujera ba. Ki yi wa mijinki sannu da mura.

Na karanta takardarki sau uku, kuma ba sai na zo ba, daga nan na ga ciwon. Ki duba abubuwan da kika lissafa: buta, dutsen guga, hita, injin wanki. Duk masu jan wuta da ƙarfi ne. Ba ki ce fanka ta mutu ba, ba ki ce talabijin ba, don su ɗan kurɓa suke yi. Idan masu jan wuta ne kaɗai ke mutuwa, kuma a gida arba'in da biyu da hannu ɗaya ya yi, to ko dai siririyar waya aka binne a bango, ko an bar haɗi sako-sako. Shekara hamsin da ɗaya ina wannan sana'a, ban ga na uku ba. Ki jona butar, ki jira minti biyar, ki ɗora hannu a kan soket, za ki ji ɗumi. Ba sai kin ba ni amsa ba, na san abin da za ki ji.

Rubutun da kika gani a akwati ba ado ba ne. Maigidan da ya koya min aiki shi ya ɗora ni a kai, ni kuma na ɗora duk wanda ya zauna a bencina. Wanda ya yi wa gida wuta ya bar sunansa a inda wutar take shiga, da sunan wanda ya koya masa. Idan gidan ya ƙone, a san ƙofar da za a buga. Mutum goma sha ɗaya suka fita daga shagona, huɗu kawai na yarje wa su rubuta sunana a ƙarƙashin nasu, Dogo ne na farkonsu.

Akwai abin da ba ki sani ba. Shekara ashirin da biyu da suka wuce, na tura shi aiki gidan wani mai burodi. Wayar da ta dace ta ƙare, ya ƙi jiran gobe, ya ƙarasa da siririya. Na je dubawa na gano. Na sa shi ya fasa bangon da hannunsa ya zare ta ƙaf, mai burodin yana kallo. Ranar na ce masa na yafe wannan, amma duk randa ya sake, ya cire sunana daga aikinsa. Ya ce ya ji.

Ke ba mai ƙarya ba ce, kuma ba ki da wata ƙullalliya da shi. Tunda har kika ce in zo in karɓi yarona, na san abin ya kai ki bango. Jiya na rubuta masa layi huɗu, na ba direba tare da wannan. Na ce ya bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya ya goge sunana, ya bar nasa. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba, amma ban yi kokwanto ba.

Kafin a gyara, kada ki jona buta da dutsen guga lokaci ɗaya. Ki kashe hita daga akwati idan za ki fita.

Kakanki,
Mai Tabarau

19 ga Maris

Zuwa ga Kaka,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da Goggo. Mu ma lafiyar jiki kam alhamdulillahi. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Kaka, wasa nake yi. Tun ina ƙarama nake tsokanarka, na ce tabaranka sun fi fuskarka girma, na ce rediyon da ka gyara wa Inna ya koma magana da hanci, ba ka taɓa ɗaukar ko ɗaya da gaske ba. Mutumin da ya nemi buta mai rai bakwai ai ka san ba ƙara ya kawo ba. Da na san haka za ka karanta layin nan, da na yanke shi da almakashi.

Takardarka ta iske Dogo kafin wadda ka rubuto min ta iske ni. Ranar Asabar da safe ina yanka yadi, na hango shi ta taga da ɗan tsani a kafaɗa yana shiga gida na farko a layinmu. Minti biyar ya fito, ya shiga na biyu. Ban gane ba sai da malamar asibiti ta leƙo ta ce, "Kin ji mai wutar nan yana bi yana goge sunan ubangidansa? An ce tsohon ne ya tsame hannunsa." Kafin azahar maganar ta zagaye layi uku. Waɗanda da ƙunƙuni kawai suke yi, yanzu sun samu abin riƙewa. Ciyaman ɗin kwamitin unguwa ya tsaya a bakin ƙofarsa yana cewa shi dama tun farko bai yarda da aikin ba, alhali shi ya kawo shi. Akwai sababbin gidaje talatin da ake ginawa a bayanmu, an riga an yi wa Dogo alkawarin wayarinsu. Yanzu ana cewa a nemi wani.

Da ya iso ƙofata na tsaya a bakinta na riƙe ƙyaure. Ya gaishe ni, ya ce, "Hajiya, minti biyu kawai zan yi." Na ce ba zai shiga ba. Ya ce, "Umarnin maigida ne." Na ce maigidan nan kakana ne, ni zan ji da shi. Na tambaye shi tsakaninsa da Allah ko siririyar waya ya sa. Ya ce, "Ki sa a fasa duk bangon da kika ga dama." Ya ce tun wata biyu da suka wuce ya gaya wa kwamiti shi ruwan rijiyar burtsatsen unguwar yake zargi, suka yi masa dariya, wai mai wuta ya rasa wanda zai ɗora wa laifi sai ruwa. Na ce to me ya hana ka rubuta wa Kaka haka? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ban taɓa mayar masa da magana ba, ba yau zan fara ba." Ya saɓa tsaninsa ya wuce gida na gaba. Mutum mai 'ya'ya a jami'a, yana yawo da robar goge fensir a aljihu. Na koma ɗaki na yi kuka, ɗinkin ranar bai yiwu ba.

Na yi abin da ka ce. Na jona buta, na jira minti biyar, na jira goma, na ɗora hannu a soket. Sanyi ƙalau. Ka ce ba sai na ba ka amsa ba, to ga ta nan na ba ka.

Kuma na sake duba lissafin naka da idon tela. Rishon lantarkina ma ai yana jan wuta, ga tandar gashi, ga tsohon dutsen gugan Inna wanda ba a zuba masa ruwa, shi nake aiki da shi yanzu daga safe har yamma. Duk lafiyarsu lau. Kai ka ga masu jan wuta ne ke mutuwa. Ni na ga masu shan ruwa ne.

Ka rubuta masa, Kaka, don Allah, kafin kwamiti ya zauna.

Jikarka,
Allura

14 ga Mayu

Zuwa ga Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarka da ta Goggo, duk da na riga na sani. Da na ji shiru sati uku hankalina ya tashi, na zaci ciwo ne ya kwantar da kai, na sa Inna ta buga wa Goggo waya. Goggo ta ce lafiyarka ƙalau, kana cin abinci, kana zuwa shago, ka ma gyara wa maƙwabcinku injin niƙa. Direba kuma ya rantse a hannunka ya sa takardata. Sati takwas ke nan. Na gane shirun naka amsa ce. Mu nan lafiya, ruwan sama ya sauka, yara suna makaranta.

Tunda ba ka yarda da bakina ba, na aiko maka da shaidu uku a cikin kwalin nan. Ka buɗe kafin ka ƙarasa karatu.

Da ruwan sama ya fara, na wanke babban duro na ajiye ƙarƙashin indararo, na rufe bakinsa da farin ƙyalle. Na sayo buta biyu sababbi, iri ɗaya, kanti ɗaya, rana ɗaya. Na ɗaura wa ɗaya jan zare a mariƙi, ɗaya shuɗi. Mai jan zare ruwan famfo take sha, mai shuɗi ruwan duro. Soket ɗaya suke amfani da shi, wanda ke gefen teburin gugana, wanda Dogo ya sa. Kullum kowacce tana tafasa sau shida, idan na sauke wannan in ɗora waccan, ina yin alama da allin ɗinki a bayan ƙofa. Duk wadda ta kawo ɗinki sai ta sha shayi ko ba ta so. Baban yara ya ce na mayar da gida ɗakin gwaji, na ce ya sha nasa ya yi shiru. Sati shida cif na yi haka. Ka leƙa cikinsu. Ba zan gaya maka abin da za ka gani ba, tunda kai daga nesa kake ganin ciwo.

Shaida ta uku guntun bututu ne. Mai gyaran famfo ya yanko shi daga bayan hitar malamar asibiti. Ka ɗaga shi saitin haske. Da sabo ne babban yatsana yana shiga, yanzu ko fensir da ƙyar. Shi ya ce min ruwan rijiyarmu ta cikin farin dutse yake fitowa, yana ɗauke da dutsen a narke, ido ba ya gani sai an dafa shi. Sai a lokacin na haɗa sauran abubuwan da ban ɗauka komai ba: sabulun da ba ya kumfa, tawul da ke bushewa ƙandas, kan shawa da rabin hudojinsa suka toshe, farin zobe a bakin kowane famfo. Da na rubuta maka waɗannan a takardar farko maimakon tsokana, wataƙila da ba mu kai nan ba. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Ranar Lahadi na kai butocin taron unguwa, na ajiye su a kan tebur, na buɗe murafen. Mata suka zagaye, kowacce tana cewa tata ma haka cikinta yake. Wani injiniya da ke layi na uku ya fasa soket biyu a gidansa da kansa, ya ce wayar ta ma fi abin da ake buƙata kauri. Na ɗauka magana ta ƙare. Sai Ciyaman ya gyara zama ya ce, "Mun ji, Hajiya, ruwa yana da nasa. Amma idan aikin yana da kyau, me ya sa wanda ya koya masa ya sa aka goge sunansa? Ko kin fi shi sanin yaronsa?" Na rufe butocina na kwashe su. An ɗage maganar sababbin gidajen zuwa ranar ƙarshe ta watan gobe, kuma akwai wani mai wayarin da ya riga ya fara zuwa yana gaida Ciyaman.

Dogo bai zo taron ba. Yana nan yana bin gidaje yana canja wa mutane ƙarfen hita, waɗanda suka zage shi ma yana zuwa idan sun kira.

Ina jin haushinka, Kaka, gara in faɗa. Na taso ina ganin mutum ya kawo maka rediyo yana ba ka labarin ciwonsa, kai kuwa ka ce masa ya yi shiru sai ka kwance bayansa ka gani da idonka. Rediyo ka yi wa haka. Dogo ko tambaya ɗaya ba ka yi masa ba. Ni na gama nawa, abin da ya rage ba buta ce za ta yi shi ba.

Rigar Goggo tana ƙasan kwalin, a cikin leda.

Jikarka,
Allura

27 ga Mayu

Zuwa ga jikata Allura,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Rigar ta yi wa Goggonki daidai, ta sa ta ta fita unguwa tun kafin a goge. Gwiwa tana nan yadda take. Ki gaida uwarki da mijinki da yara.

Takardarki ta watan Maris ta iso a kan lokaci. Na karanta ta, na ninke, na sa ƙarƙashin gwangwanin kusoshi. Kullum na ɗaga gwangwanin ina ganinta. Na ce wa kaina yarinyar nan tausayi ne ya kama ta, tana so ta rufa masa asiri. Na kuma ce tela ba za ta koya min wuta ba. Gaskiya ke nan, ba direba ba ne, ba ciwo ba ne.

Kwalinki na kai shago, na rufe ƙofa, na kunna fitilar benci. Mai shuɗin zare cikinta kamar yau aka sayo. Mai jan zare na ɗauka fenti kika shafa don ki ja ni. Na sa sukudireba na kankare, ya ɓanɓaro kamar ɓawon ƙwai. Na aika aka sayo lemun tsami, na matsa a kan ɓawon, ya hau kumfa yana tsuwa. Sannan na kwance gindin butar na auna ƙarfen da ke ɗaukar zafi. Bai mutu ba tukuna, amma ya fara ƙonewa a inda ɓawon ya fi kauri. Abin a fili yake. Dutsen ya lulluɓe ƙarfen kamar bargo, zafi ya rasa hanyar shiga ruwa, ƙarfen ya yi ta dafa kansa har ya tsinke. Ko wace irin waya aka sa a bango, haka zai faru. Bututun kuwa na daɗe ina leƙa shi.

Ruwan garinmu daga kogi ake jawo shi. Shekara hamsin da ɗaya ina buɗe butoci, ban taɓa cin karo da wannan ba. Na ce miki ban ga na uku ba, kuma gaskiya na faɗa, ban gani ba. Sai dai na ɗauka abin da ban gani ba babu shi. Dogo ya gano shi tun kafin mu biyu, da idon da na ce na fi shi.

Ga abin da za ku yi. Duk wata, a zuba ruwan khal, wato finiga, ko na lemun tsami a buta, a tafasa, a bari ya huce, a ɗauraye. Kan shawa a kwance shi a jiƙa a ciki. Dutsen guga kada ya sake ganin ruwan famfo, ki ba shi na duro, ki tanadi wani duron saboda rani. Hita a rage mata zafi, a riƙa zubar da ruwanta ana wanke ta. Maganar abin tace ruwa a bakin tankin unguwa kuwa, ku nemi masanin ruwa. Ni mai wuta ne, na koyi tsayawa a inda sanina ya tsaya.

Ba zan rubuta wa Dogo ba. Da takarda na ɓata, kuma na ga abin da takarda take iya yi. Ciyaman ɗinku ya yi tambaya mai kyau, ni ya kamata in amsa, a gaban waɗanda suka ji ta. Zan taso ranar sha tara ga wata mai kamawa da motar safe. Goggonki ta ce gwiwata ba za ta kai gida arba'in da biyu ba, na ce mata arba'in da ɗaya ne, jikata ta rage min guda. Na feƙe fensir biyu. Ni na sa aka goge, ni zan rubuta da hannuna, gida-gida, duk mai son kallo ya fito ƙofarsa.

Ki gaya wa Dogo ranar da zan zo, ki ce ina buƙatar tsaninsa. Kada ki ba shi haƙuri a madadina, wannan bakina ne zai yi.

Ki ci gaba da tsokanata. Idan kika daina, to na san ba ki yafe ba.

Kakanki,
Mai Tabarau

5 ga Yuni

Zuwa ga Kakana mai kunnen ƙashi,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, muna fatan kuna lafiya. Ka ce wa Goggo ta sa maka man gwiwa a jaka, kuma na gyara maka ɗakin da ke kusa da banɗaki. Hitar ta sha lemun tsami, yanzu minti ashirin ruwa ya yi zafi. Ciyaman ya ce zai kira taro ranar ashirin. Malamar asibiti ta ce a fara da gidanta.

Jiya Dogo ya zo canja wa gida na tara ƙarfen hita, na tare shi a hanya na ce ya shigo. Wannan karon shi ya tsaya a bakin ƙofa, sai da na rantse ba wani sabon umarni. Na dafa masa shayi da ruwan duro. Na ce ranar sha tara kana tafe, kana son tsaninsa, za ka bi gidajen da fensir. Iyakar abin da ka ce in faɗa ke nan, ban ƙara ba. Ya riƙe kofin ya daɗe bai sha ba. Ya cire hula, ya mayar. Sannan ya tambaya ko har yanzu gwiwar hagu ce, na ce ita ce.

Ya ce, "Ba zai hau tsani ba ina tsaye. Zan zo da benci mai faɗi, in riƙe shi." Na ce kai da shi.

Da zai tafi ya roƙi in bar shi ya ga akwatina. Ya buɗe, ya tsaya yana kallon rubutun da ya rage. Sai ya ce, "Hajiya, ki gaya masa aikin ba zai ba shi wahala ba. Shi ya koya min danna fensir da ƙarfi don kada shekaru su cinye rubutu. Na goge baƙin, amma sawun yana nan a jikin fentin kowane murfi. Bi kawai zai yi."

Na je gidan malamar asibiti na shafa da yatsa. Sawun sunanka yana nan a murfin akwatinta, har tabaran.

Shi zai ɗauko ka a tasha. Ya ce tun ƙarfe tara zai je ya jira.

Jikarka,
Allura